Waƙar coci ce ko taken yaƙi? Fashin baƙi kan kiɗan Isihia na Bulgeriya

Wai shin wannan kiɗan na Bulgeriya da ke yawo a YouTube da TikTok, wanda za ka ji maza masu kaurin murya suna jan baiti a hankali, ganga na bugawa har cikin ƙirji, ga wani amo a ƙasa da ba ya yankewa, waƙar coci ce ko ta yaƙi, ko kuwa tsohuwar waƙa ce mai shekara ɗari bakwai kamar yadda masu ɗorawa ke rubutawa? Wani zai ce ai ibadar Kiristoci ce tsantsa, wani ya ce a'a taken mayaƙan Salibiyya ne tunda ga hoton mutum cikin sulke da gicciye a ƙirji, wani kuma ya rantse shi ƙira'a ma take tuna masa. Kowa ya ɗan taɓo wani gefe amma an cakuɗa abubuwa da yawa, bari mu ɗauki ƙungiya ɗaya da ta yi suna a wannan salon, Isihia, mu warware abin zare zare.

Su wane ne Isihia

Ƙungiyar mawaƙa ce ta 'yan Bulgeriya da aka kafa a shekarar 2000, faifansu na farko ya fito a 2001, na biyu a 2003. Makaɗa ne da ke hawa dandamali a sayi tikiti a shiga kallo, babu limamin coci da ke jagorantar ibada a wajen. Abin da suke yi shi ne su ɗauko salon rera addu'a na cocin Otodoks su gwama shi da kiɗan ƙauye na makiyaya da manoma, sannan su ɗora shi a kan labarin faɗuwar daularsu da zaman da aka yi ƙarƙashin Daular Usmaniyya.

Ita Bulgeriya tana yankin Balkan ne a kudu maso gabashin Turai, Turkiyya da Girka na kudu da ita, Romaniya na arewa tsallaken kogin Danube, babban birninta Sofiya. Ƙidayar 2021 ta ce mutum wajen miliyan shida da rabi ne, kuma kusan ɗaya cikin goma Musulmi ne, yawancinsu Turkawa, sai Pomak masu jin Bulgariyanci da wani ɓangare na wata ƙabila da ake kira Roma (ba 'yan birnin Roma ba). Wannan kason na da muhimmanci a maganar, za mu zo kansa.

Cocin da ba a kiɗa a cikinsa

Otodoks reshen Kiristanci ne na gabas, na Girka da Rasha da Sabiya da su Bulgeriya, wanda ya raba gari da cocin Roma, ana ƙirga rabuwar daga 1054. Sarki Boris na ɗaya ne ya karɓi addinin wajen 864, a 886 kuma ya buɗe ƙofa ga almajiran Kiril da Metodi, wasu 'yan'uwa biyu masu wa'azin Kiristanci, da aka koro daga Morabiya a tsakiyar Turai, su ne suka kafa karatu da ibada da harshen Silabawa, dangin su Bulgariyawa da Rashawa da Sabiyawa, maimakon Girkanci, a nan ƙasar ne ma aka ƙera baƙaƙen Kiriliyanci da Rasha ke rubutu da su har yau. To ka ga dalilin da ya sa ɗan Bulgeriya ko ba ya zuwa coci, in ya ji wannan tsohon harshen sai ya ji kayan gidansu ne.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne a ibadar cocin Bulgeriya babu kayan kiɗa sam, ba jita ba piyano ba ganga, muryar ɗan Adam ce kaɗai. Akwai ƙararrawa da wani katako da ake bugawa amma na kiran mutane ne. Rerawar tana da karin murya guda takwas da ake juyawa mako mako. Yadda abin yake in ka tsaya kusa, mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ke tafiya da baitin, yana hawa yana sauka yana jan gaɓa ɗaya ta yi tsawo, a gefensa kuma akwai wasu da aikinsu kawai su riƙe amo ɗaya a ƙasa, ooo haka, wannan ya ja numfashi wancan ya ci gaba don kar sautin ya tsinke. Wannan amon da ake riƙewa sunansa ison, kuma shi ne ƙashin bayan duk maganar nan tamu.

Saboda haka da zarar ka ji ganga ko busa a cikin faifan to ba ibadar coci kake ji ba, ko da kuwa kalmomin daga littafin addu'a aka ciro su.

Shi kuma wanda ya ce ƙira'a take tuna masa ba kunnensa ne ya yaudare shi ba. Masu rerawar cocin gabas sun shafe ƙarnoni a Istanbul kafaɗa da kafaɗa da makaɗan fadar Usmaniyya, wasunsu ma gwanaye ne a maƙamai na Turkawa, kuma tsarin rubuta rerawar da ake amfani da shi yau a can aka gyara shi a 1814. Wa ya ara daga wa, wannan masana na ta ja har yanzu, amma kamar kam akwai.

Masu neman shiru

Sunan ƙungiyar daga wata hanyar ibada ya fito, Isihazam, asalinta kalmar Girkanci ce mai nufin natsuwa da shiru. Ruhubanawa ne, wato masu barin aure da dukiya su keɓe don ibada, musamman na tsaunin Atos a Girka. Mutum zai zauna a 'yar gajeruwar kujera ya sunkuyar da kai haɓa a ƙirji, ya daidaita numfashi, ya yi ta maimaita gajeruwar addu'a ɗaya ta neman jinƙai da sunan Yesu, dare da rana, har a cewarsu zuciya ta riƙa faɗa da kanta. Suna cewa wanda ya kai wani mataki yana ganin hasken Ubangiji. Mai karatu Musulmi zai ce ai wannan kamar zikiri ne, kuma a siffa ta zama da numfashi da maimaitawa masu bincike sun daɗe da lura da kamar, sai dai a aƙida akwai rata mai faɗi, don addu'ar tana kiran Yesu da Ubangiji kuma Ɗan Allah ne.

A ƙarni na 14 an yi rigima sosai a kan hanyar. Wani malami mai suna Barla'am daga kudancin Italiya ya yi musu ba'a ya ce mutane ne masu neman ransu a cibiya, Girigori Palamas ya tashi ya kare su, aka yi ta zaman majalisar malaman coci a Kustantiniyya, Istanbul ta yau, a 1341 da 1347 da 1351, masu shirun suka yi nasara. A Bulgeriya kuwa wani Girigorin daban ne ya kawo ta, na Sina, ya zauna a wani daji mai suna Paroriya a tsaunukan Stranja, Sarki Ivan Aleksandar ya ba shi kariya daga 'yan fashi. Almajirinsa Teodosi ya kafa makaranta a Kilifarevo kusa da babban birnin lokacin, Tarnovo, almajirin Teodosi kuma shi ne Evtimi da ya zama shugaban cocin ƙasar a 1375.

Abin dariya a nan shi ne mutanen da suka fifita addu'ar zuci a kan yawan rerawa, su ne yau aka sa wa ƙungiyar makaɗa sunansu har da ganga. Amma dai a zamanin nasu ne kuma a Atos ɗin rerawar coci ta kai ƙololuwar ado, lokacin Yoan Kukuzel, wanda 'yan Bulgeriya ke cewa uwarsa tasu ce, Girkawa kuma na cewa nasu ne. A salon wancan lokacin har akwai wuraren da mai rerawa ke barin kalmomi ya yi ta jan te ri rem, gaɓoɓin da ba su da ma'ana, wai inda magana ta gaza sai murya ta ci gaba.

Salkar akuya da ƙafa mai ɗingishi

Ɓangaren ƙauye kuma babban abin shi ne gaida. Ka ɗauka salka ce ta fatar akuya guda, an feɗe ta ba a tsaga ba an juya gashin ciki, a wuya an ɗaure bututu mai ramuka da yatsu ke wasa a kai, a ƙafar gaba ɗaya bututun hura iska, a ɗayar kuma wani dogon bututu da yake kwanciya a kafaɗa ko hannu wanda ba ya fidda komai sai amo ɗaya tal. Mai busa zai cika ta da iska ya matse ta a hammata, ko ya tsaya jan numfashi sautin ba ya tsayawa. Ta tsaunukan Rodopi ta fi girma da kaurin murya, kaba gaida suke ce mata. Sai kaval, doguwar sarewar makiyaya, da gadulka gogensu da ake riƙewa a tsaye, da tambura mai tsirkiya, da tapan babbar ganga mai fuska biyu, gefe ɗaya a buga da gula mai kauri ɗayan da siririyar tsumagiya.

Yanzu dawo kan ison. Dogon bututun gaida da mutumin da ke riƙe ooo a coci aiki ɗaya suke yi, haka ma matan ƙauyukan yammacin ƙasar in suna waƙa wasu na riƙe amo ɗaya wata na yawo a samansa har muryoyin su riƙa gogar juna. Shi ya sa haɗin Isihia ke shiga kunne ba tare da ka ji wurin ɗinki ba, a ganina wannan ne sirrin, ya fi duk wani zancen tsufa da ake yi.

Sai kuma kari. Yawancin kiɗan da muke ji a rediyo bugu huɗu ne daidai wa daida, nasu kuwa akwai mai biyar, mai bakwai, mai tara, mai goma sha ɗaya. Gwada mai bakwai da tafi, ɗaya biyu, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku, ka maimaita da sauri, za ka ji ƙafa ɗaya ta fi tsawo. Turkawa na kiran irin wannan aksak, mai ɗingishi.

Me ya sa kullum ƙarni na 14

Saboda a nan ne ciwon yake. An kafa daular farko a 681, Rumawan gabas suka cinye ta a 1018 bayan Sarki Basil na biyu ya kama sojojin Sarki Samuil a 1014 ya sa aka ƙwaƙule musu idanu, marubutan lokacin sun ce dubbai ne. A 1185 'yan'uwa biyu Asen da Petar suka yi tawaye aka kafa ta biyu da hedikwata a Tarnovo. Lokacin Ivan Aleksandar, 1331 zuwa 1371, ilimi da zane da rubutun littattafai sun bunƙasa amma ƙasar na rubewa ta ciki, ya mutu ya bar ta kashi uku, ɗansa Ivan Shishman a Tarnovo, wani ɗan nasa Ivan Sratsimir a Vidin ba sa ga maciji da juna, ga wani mai mulkin daban a bakin teku. A wannan shekarar ta 1371 Usmaniyya suka ragargaza rundunar sarakunan Sabiyawa a Chernomen bakin kogin Maritsa, hanya ta buɗe. A 1393 aka yi wa Tarnovo ƙawanya wata uku, sarki ba ya cikin gari, Evtimi ɗin nan almajirin masu shiru shi ya tsaya wa jama'a, garin ya faɗi aka kore shi. An kashe Shishman a 1395, Vidin ta bi a 1396, daga nan ba su fita daga hannun Usmaniyya ba sai 1878 bayan yaƙin Rasha da Usmaniyya.

Mu nan da yawa ta finafinan Turkiyya da ake fassarawa muka san wannan zamanin, inda Usmaniyya ne jarumai. To wannan kiɗan muryar waɗanda ke cikin ganuwa ne lokacin da jaruman suka iso. Kuma in ka duba da kyau labarin bai tsaya kan baƙo ya zo ya ci gari ba, akwai 'yan'uwa da suka ƙi haɗa kai, wannan su kansu 'yan Bulgeriya suna faɗa.

Hoton Salibiyya fa

Wannan kam aikin masu ɗora bidiyo ne da ke neman a danna. Mayaƙan Salibiyya 'yan cocin Roma ne daga yammacin Turai, kuma a 1204 su ne suka wawashe Kustantiniyya, birnin Kiristocin Otodoks. Shekara ɗaya bayan haka, 1205, Sarkin Bulgeriya Kaloyan ya yi musu kaca kaca a Adiriyanoful, Edirne ta yau, ya kama sarkinsu Baldwin ya kai shi Tarnovo inda ya mutu a tsare. Gaskiya ne daga baya rundunonin Salibiyya sun shigo ƙasar don yaƙar Usmaniyya, a Nikopol 1396 da Varna 1444, duka an ci su. Amma ka ɗauki rerawar Otodoks da harshen Silabawa ka manna mata jarumin Faransa mai jan gicciye, wannan rashin sanin tarihi ne.

Tsohuwa ce da gaske?

Kalmomin addu'o'in tsofaffi ne, wannan ba musu. Wasu rerawar ma an rubuta su da alamomi tun wancan zamanin, sai dai yadda ake karanta alamomin kansa abin jayayya ne a wajen masana. Kiɗan ƙauye kuwa ba wanda ya rubuta yadda makiyayi ke busa a 1390. Tattara baitukan gargajiya a littafi sai ƙarni na 19 aka fara shi gadan gadan, sanannen kundin 'yan'uwan Miladinov a 1861 ya fito, rubuta karin sautin da yawa kuma sai ƙarni na 20, aikin su Vasil Stoin. Ƙari a kan haka tambura da tapan da kaval kaya ne da ake samu daga Balkan har Anadolu, duniyar Usmaniyya ɗin ce ta gama su. Wato kiɗan da ke kukan zuwan Usmaniyya da kayan da aka yi tarayya da su ake yin sa. Ni ban ga aibu a nan ba, mawaƙi na da damar ya ƙaga yadda yake jin wancan zamanin, matsalar tana wajen mai rubuta wa mutane cewa ga abin da aka rera a kan ganuwar Tarnovo.

Me ya sa sai a shekarar 2000

Daga 1944 zuwa 1989 'yan gurguzu ne ke mulki, sun danne addini amma sun rungumi waƙar gargajiya suka mai da ita ta gwamnati. A 1951 Filip Kutev ya kafa rukunin mawaƙa na ƙasa, aka ɗebo matan ƙauye aka tsara musu muryoyi irin na makaranta. Abin ya yi kyau ƙwarai, wani ɗan Suwizalan Marcel Cellier ya fitar da faifan irin waɗannan muryoyin a 1975, aka sake fitarwa a Ingila a 1986 duniya ta ruɗe, har kyautar Grammy a 1990. Muryar Valya Balkanska da rakiyar kaba gaida ma tana cikin faifan zinaren da Amurka ta maƙala wa kumbon Voyager a 1977. Sai dai an tace abin, an rage addini, an kuma yi ƙoƙarin kankare duk abin da ke ƙamshin Turkanci, masu kiɗan biki irin su Ivo Papazov sun sha takura a shekarun 1980.

Da gurguzu ya faɗi sai abin da aka danne ya fashe, chalga ta cika gari, kiɗan rawa mai launin Turkawa da Roma da Sabiyawa, zancen kuɗi da motoci da mata, talaka na so 'yan boko na toshe hanci. Ga tattalin arziki ya durƙushe, a 1996 zuwa 1997 bankuna suka rufe kuɗin ƙasar ya zama takarda, matasa na ta ficewa. Matashin birni da ya gaji da gargajiyar gwamnati kuma yake jin kunyar chalga, ina zai nufa? Sai ya tsallake gurguzu ya tsallake Usmaniyya ya koma inda yake ganin ƙasarsa na da sarki da malamai. A wannan gurbin Isihia ta zauna.

Masu so da masu ƙorafi

Masoya na cewa irin wannan kiɗan ya dawo wa matasa da gaida da tsohon harshen coci ba tare da wa'azi ba. Masu tsananin riƙo da coci kuma ba sa jin daɗin a ɗauki addu'a a sa mata ganga a wurin da ake tafi da shewa, a wajensu rerawa ibada ce tana da wuri da lokaci.

Ƙorafi mafi nauyi na tarihi ne. A makarantu an daɗe ana kiran shekaru kusan 500 ɗin nan da bautar Turkawa, wasu masana tarihi na cewa mulkin Usmaniyya ya fi dacewa, a 2016 ma cacar baki kan manhaja ta yi zafi har ministan ilimi ya rasa kujerarsa. Masu kalmar bauta na nuna jiziya, da ɗibar yaran Kiristoci a mai da su sojojin Janisari, da kisan kiyashin da aka yi wa mutanen garin Batak a 1876. Ɗaya ɓangaren na nuna cewa mutane sun riƙe gonaki da addininsu, gidan ruhubanawa na Rila ya rayu da takardun kariya na sarakunan Usmaniyya, kuma cocin Bulgeriya da aka sa ƙarƙashin limaman Girka ya samu cin gashin kai a 1870 da umarnin Sarkin Usmaniyya Abdul'aziz. Duka abubuwan nan sun faru. Waƙa kuwa ba ta iya ɗaukar kaya biyu a baiti ɗaya, ɓangaren kuka take ɗauka don shi ya fi daɗin rerawa.

Ina talaka a ciki

Ga Baturken Bulgeriya ko Pomak wannan ba zancen nishaɗi ba ne kawai. A 1984 zuwa 1985 gwamnatin Todor Zhivkov ta tilasta wa dubban ɗaruruwan Turkawa canja sunayensu zuwa na Silabawa, ta hana magana da Turkanci a bainar jama'a, hujjarta wai kakanninsu Bulgariyawa ne da aka musuluntar da ƙarfi, a 1989 sama da mutum dubu 300 suka tsallaka Turkiyya. Majalisar dokokin ƙasar ta yi tir da wannan a 2012. Ban ce Isihia na da hannu a irin wannan tunanin ba, kukan abin da ya wuce daban, ƙin maƙwabci daban, amma ɗan siyasa mai neman ƙuri'a da tsoro yana iya ɗaukar kowace waƙar tarihi ya sa a lasifika, kuma mai ɗora bidiyo daga wata ƙasa da ko Bulgariyanci ba ya ji ya fi kowa saurin yin haka. A tsaunukan Rodopi inda kaba gaida ta fito, ƙauyukan Kiristoci da na Musulmi suna maƙwabtaka kuma waƙoƙi da yawa nasu ne tare.

Ta fuskar abinci kuma, mai ɗinka gaida da mai sassaƙa kaval da malamin da ke koyarwa suna samun kasuwa duk lokacin da matasan birni suka waiwayo. Ƙasar da ta kusa miliyan tara a shekarun 1980 ta koma shida da rabi, ƙauyuka da dama sai tsofaffi, don haka yaron da zai iya busa yau ba a bayan tumaki yake koyo ba, a aji yake koyo, a makarantar kiɗan gargajiya ta Kotel da aka buɗe a 1967 ko ta Shiroka Laka, ko a ƙungiyoyin unguwa cikin birane. A 2012 masu busa kaba gaida 333 suka taru a Sofiya suka busa tare don shiga kundin Guinness, da yawansu yara da matasa ne.